Aradun da ke tashi daga ƙasa, mi za mu ce mata?

Jama'a ku agaza. Ina haɗa ma 'yan ajina darasi nan Katsina, na zo kan abin da Turawa ke ce ma upward lightning sai Hausar ta maƙale min. Mu tun muna yara aradu faɗowa take, ta faɗa ma kuka, ta faɗa ma shanu, to wagga hawa take yi.

Ga yadda take faruwa. Gindin hadari na tara cajin lantarki, in akwai dogon ƙarfe da ya kai mita 100 ko fiye sai kishiyar cajin ta taru a tsininsa har iskar wurin ta kasa riƙewa, wata siririyar hanyar wuta ta kama hawa zuwa gajimare. A hoto ma za ka gane ta, rassanta sama suke kallo kamar itace, wadda muka sani kuwa kamar saiwa take. Wani injiniya mai suna McEachron ya bayyana ta a 1939 bayan ya yi ta auna aradun da ke samun dogon benen Empire State na Amurka.

Wani ɗan'uwa daga Daura ya ce aradun ƙasa. Yaya ka yi haƙuri, yara za su ɗauka duk wadda ta taɓa ƙasa ce. Wani ya ce walƙiyar hasumiya, to walƙiya ai haske ce kawai, kuma Bakatsine na jin hasumiya Gobarau zai tuna, ita kuwa ina ta kai tsawon nan.

Ni na tsaya a kan aradu mai hawa.

Inda rigimar take shi ne yadda cajin ke wucewa. Ba bugu ɗaya take yi ba, da farko wuta ce ta ɗaruruwan amfiya (ma'aunin ƙarfin gudun wutar lantarki) ke bin ƙarfen ba yankewa na abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ta kwashe gomman kulom (ma'aunin yawan caji), sai daga baya bugun dubban amfiya ya biyo, gajere, cajinsa kaɗan, sau da yawa ma ba ya zuwa. Wutar farkon nan na ce mata tsiyayar farko, wani tsohon malaminmu ya ce kai yaro amfiya 100 ce tsiyaya? Allah ya gafarta Malam na janye, kwararar farko. Bugun kuma na ce mashi mari.

Saura siririyar hanyar nan da ke fara hawa. An ce jagora, an ce ɗan aike, ni mai share fage ta fi kwanta min amma ta yi tsawo a allo.