Tambaya kan bobin ɗin Peugeot 404: in canza shi ko in bari?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana tsofaffin motoci.

Ina da Peugeot 404 da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, a nan Tawa. Da safe tana tashi ba gardama, amma idan na yi tafiyar rabin awa cikin zafin rana a hanyar Kwanni, sai injin ya fara shaƙewa, daga bisani ya mutu. Sai na jira ta huce kafin ta sake tashi. A lokacin bobin ɗin, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir don ta kunna man injin, yakan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa, kuma na ga ɗan mai yana tsatsowa daga bakinsa.

Na canza buji (fulogi) huɗu, na gyara tazarar platin (makunnin da ke yankewa da haɗa wutar bobin), batirin kuma yana ba da bolt 12 cikakke. Makanikina ya ce bobin ne, wani dattijo a gareji kuma ya ce in fara duba kondansa, wato 'yar na'urar da ke kare platin daga tartsatsin wuta, domin lalacewarta tana kawo irin wannan matsala kuma ta fi araha.

Ba na son cire kayan asali a banza. Wace hanya zan bi in tabbatar da mai laifin kafin in saya? Idan canzawar ta zama dole, sabon bobin na zamani zai dace da platin, ko zai ƙone shi?

Na gode.