Hangen Dala ba shiga birni ba ne: ta dace da maganar kasafin kuɗi kuwa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muna zaune a majalisa rediyo na kunne, aka zo kan kasafin kuɗin ƙasa, wai gangar mai za ta kai kaza, naira za ta tsaya kaza, tsadar kaya za ta sauko. Sai wani dattijo cikinmu ya ce "hangen Dala ba shiga birni ba ne", ya shimfiɗa buzunsa ya kishingiɗa, zance ya mutu. Ni kuma na kwana ina juya ta a raina. Nufinsa duk hasashen nan aikin banza ne, ko kuwa wani abu daban karin maganar ke cewa?

Mai Shagon Siminti: Wa alaikumus salam. Baba ya faɗi gaskiya wallahi, kuma ni a jikina na ji ta. Kasafin 2024 da aka kai majalisar dokoki ta ƙasa an lissafa dala ɗaya a kan naira 750, majalisa ta maida shi 800, kafin watan Fabrairu ya ƙare ta haura 1,500. Akwai wani ɗan kwangila da ya ɗauki siminti wajena bashi zai gina ajujuwa biyu, an yi mashi lissafin aikin da tsohon farashi, kaya suka yi tashin gwauron zabo, ginin ya tsaya iya linta, har yau in na wuce ina ganin rodi a tsaye awaki na kwana ciki, kuɗina kuma sai da muka shekara muna kai ruwa rana. To wane birni aka shiga?

'Yar Daura: Alhaji Allah ya mayar da alheri. Amma ni ba haka na taso na ji ana amfani da ita ba. Kakata in ta ga mutum ya fara murna tun abu bai zo hannu ba take faɗinta, kamar yarinyar da aka kawo kuɗin gaisuwarta ta fara raina mutane. Ba ta taɓa faɗa wa mai shiri ba. Ai fatake da ke tafiya Kano da jakuna, in sun hango dutsen Dala sun san ba su ɓata hanya ba, abin da ake ja masu kunne kawai kar su sauke kaya su cinye guzuri don sun hango shi, akwai sauran tafiya. Ba a ce kar a hanga ba.

Malamin Makaranta: Hajiya kin taɓo wajen. Gwamnati dole ta yi hasashe, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da za a kashe ana rubuta su ne tun kuɗin shiga bai zo ba, to dole a ɗora lissafi kan abu uku: farashin ganga, yawan gangar da za a haƙo kullum, da canjin dala. Matsalar tana wajen yadda ake zaɓen lambobin. Ku duba 2025, kasafi ya kusa naira tiriliyan 55, an sa ganga miliyan 2.06 a rana kan dala 75, alhali kowa ya san mun daɗe ba mu taɓa miliyan 2 ba saboda satar mai da fasa bututu. In kuɗin bai shigo ba albashi ba ya jira, masu bin bashi ba sa jira, abin da ake yankewa manyan ayyuka ne, wato hanya da asibiti da madatsar ruwa, ko kuma a sake ciwo wani bashin a cike giɓi. Wannan shi ne cinye guzurin da kike faɗa.

Mai Shagon Siminti: To Malam ai ka dawo kan maganata kenan.

Malamin Makaranta: A'a Alhaji, da sauran bambanci. Kai cewa kake a daina sauraronsu, ni cewa nake a saurara da kyau a tambaye su kan mi suka ɗora. Lokacin marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa, kasafin 2020 an yi shi kan dala 57, korona ta zo kasuwar mai ta rushe, aka koma majalisa aka yi mashi kwaskwarima zuwa dala 28. Wannan ba wanda ya hango ta, ba zan ɗora wa mai lissafi laifi ba. Amma 2016 an sa ganga miliyan 2.2, tsagerun Neja Delta suka farma bututu, tattalin arziki ya shiga karaya. Tun daga nan ya kamata a koyi sa lamba ƙasa-ƙasa, in rara ta zo a adana, dama don haka aka buɗe asusun rarar mai tun zamanin Obasanjo, aka yi ta ɗiba har ya kusa ƙarewa.

Manomi daga Mashi: Ni dai ban yi boko mai zurfi ba amma abin nan mun san shi a gona. Duk shekara ina lissafin buhun gero nawa zan samu kafin in ɗauki taki bashi, in ban lissafa ba ma ba zan shuka ba. Shekarar da na lissafa da damina mafi kyau da na taɓa gani, ruwa ya ɗauke ana tsakar bununi, sai da na saida ɗan maraƙina na biya mai taki, na riƙe igiyarsa har kasuwa yaran gida na bina suna kuka. Tun daga ranar da matsakaiciyar shekara nake lissafi.

'Yar Daura: Allah sarki Baba. Kuma abin ya shafe mu kai tsaye fa, don jiharmu ta Katsina da ƙananan hukumominta 34 mafi yawan kuɗinsu daga kason wata-wata na Abuja yake zuwa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kason ya ƙaru a takarda, amma nairar ta rage daraja, mudun shinkafa ya shaida.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai. Wani abu ma da na lura yanzu, Dalar da kakanninmu ke hange dutse ce ba ta motsi, ita kuwa dalar da ke cikin kasafi kana hangenta tana matsawa gaba. Anjima in an yi isha'i zan koma wajen dattijon nan in karanta mashi abin da Hajiya da Baba na Mashi suka rubuta, in ji ko abin da yake nufi kenan, gobe in sha Allah zan kawo maku amsarsa.