Tsaron intanet a cikin ofis ko a gajimare: wanne ya fi arha?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Kamfani ne mai rassa 3 a Kano, ma'aikata kusan 40, kyamarorin tsaro 10 a babban reshe, ga na'urorin POS. Tayi biyu aka kawo. Na farko, a girka katangar tsaro a kowane reshe, duk abin da zai shiga ko ya fita ta tace shi nan take. Na biyu, a biya kamfanin gajimare (masu hayar da manyan kwamfutocinsu ta intanet) duk wata, komai ya bi ta sabarsu a duba. Masu sayarwa kowa na cewa nasa ne mai sauƙi. Don Allah masana, ina kuɗin yake tafiya a zahiri?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da kyamarorin, can ne kuɗin yake. Kyamara ɗaya mai hoton 1080p tana fitar da kamar megabit 4 a sakan. A kwana gigabait 43 ke nan, a wata wajen terabait 1.3. Goma kuwa terabait 13, kuma layinka zai riƙa ɗora megabit 40 dare da rana ba tsayawa. Ajiye wannan a ma'ajiyar S3 ta Amazon, a farashin senti 2.3 kan kowane gigabait, ya kai kusan dala 300 duk wata. Shigar da bayanai kyauta ne, amma ranar da ka nemi sauko da su za a caje ka kamar senti 9 kan gigabait. Faifai biyu na terabait 8 a cikin ofis sun ɗauke wannan nauyin, kuma sau ɗaya za ka saye su.

Haka rajistar shige da fice take. Microsoft Sentinel, manhajar gajimare mai tattara wannan rajista ta bincika ta, da ire-irensa bisa yawan gigabait ɗin da ka zuba musu suke lissafi, alhali mafi yawan abin da katanga ke rubutawa tarkace ne: an ba wannan hanya, an ba wancan hanya. Ka sa ƙaramar kwamfuta mai ƙofar waya 4 da RAM gigabait 8, ka ɗora mata OPNsense (manhajar katanga) da Suricata (manhajar gano kutse), ta tace a wurin, gargaɗi kawai ta aika gajimare. Manhajojin kyauta ne. Wutarta ba ta wuce wat 15 ba, abin da bai kai yunit 11 a wata ba.

Sannan kuɗin gajimare da dala ake biya. Dalar da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,400 a farkon 2024. Wanda ya sayi na'ura bai ji wannan a jikinsa ba, mai biyan wata-wata kuwa kuɗinsa ya ninka uku ba tare da an ƙara masa komai ba.

Hajiya Saratu: Lissafin Injiniya daidai ne, sai dai akwai inda bai taɓo ba, kuma nan mutane ke faɗawa rami. Na'urar da ke bakin ƙofa ita ɓarawo ke fara gani. A Janairun 2024 an gano masu kutse na shiga ta na'urorin tsaro na kamfanin Ivanti, har hukumar CISA ta Amurka ta umarci ma'aikatun gwamnati su cire su daga layi. Cutar kwamfuta ta Mirai ta 2016 ma ba wata dabara ta yi ba, kyamarori da rauta ta riƙa shiga da kalmar sirrin da suka fito da ita daga masana'anta. Saboda haka dole a samu mutum da aikinsa ne sa faci, wato gyaran manhaja mai toshe kafar kutse, da zarar ya fito, a rufe shafin sarrafa na'urar daga waje, a shiga ta WireGuard kawai, wato manhajar da ke buɗe ɓoyayyiyar hanya mai tsaro, a raba kyamarori da POS kowanne a layinsa. Albashin wannan mutumin ku sa shi cikin lissafi. In katangar FortiGate za ku saya, ku tambayi kuɗin lasisin shekara tun kafin ku biya, domin in ya ƙare na'urar tana nan a kunne amma sababbin alamomin cuta sun daina zuwa mata.

Ga wuta kuma. Yankewar wuta ba zato na lalata faifai, don haka kowane reshe na buƙatar inbata da batir, da na'ura ɗaya ta ko-ta-kwana a ajiye da saitin da aka kwafa.

Malam Sani: Ni dai ba zan ce a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya ba. Harin DDoS, wato a yi wa layinka ambaliyar bayanai har ya toshe, ba a tare shi a ofis. In layinka megabit 100 ne aka turo maka gigabit 5, ya toshe tun kafin ya iso katangar, kome tsadarta. Shafin kamfanin ku sa shi bayan Cloudflare, kamfanin gajimare mai kare shafukan intanet, ko tsarinsu na kyauta yana tare wannan. Tace wasiƙun imel ma a bar wa gajimare.

Amma POS da kyamara kada a ce sai sun je Turai sun dawo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE sun yanke, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabta. Wanda tsaronsa ke ƙetare a irin wannan rana, ko dai aiki ya tsaya, ko a buɗe hanya ba tacewa.

Alhaji, ka nemi kowane mai tayi ya rubuta maka kuɗin shekara 3 gaba ɗaya, na'ura da lasisi da data da gyara, ya kuma faɗi wanne ake biya da naira, wanne da dala.

Ɗan Kwari: Allah Ya saka da alheri. Injiniya, wace irin kwamfuta ce za ta iya ɗaukar Suricata a layin megabit 100?

Injiniya Bala: Mai furosesa Intel N100 ta isa. Ka tabbatar ƙofofin wayarta na Intel ne, na Realtek sukan ba da matsala a OPNsense.