Maraɗi zuwa Damagaram a jirgi, kilomita nawa ne?

Ɗan Zariya 2:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya san nisan hilin jirgin Maraɗi zuwa na Damagaram ta sama? Tsohuwata nake son kaiwa bikin jikarta, bayanta na damunta sosai, ba na son ta yi zaman kar, wato babbar motar haya. Na duba a waya wani wuri ya ce 206 wani ya ce 111, ni dai na ruɗe, wanne ne gaskiya kuma minti nawa ake a sama?

Malamin lissahi:
Wa alaikumus salam. Duk biyun daidai ne ɗan'uwa. 206 ɗin kilomita ne, 111 kuma mil ne na matuƙa jirgi, su da shi suke awo, kowane guda mita 1852 wato ya kusa kilomita biyu, in ka ninka za ka ga abu ɗaya ne. Wannan awon miƙe ne sak daga Maraɗi zuwa Damagaram, shi ya sa bai kai na mota ba, don hanya sai ta bi Agye da Gazawa da Tasawa da Takeita, wajen kilomita 235 kenan. Jiragen da ke yin irin wannan gajeriyar tahiya masu farfela ne, gudunsu wajen kilomita 450 zuwa 500 a awa, to amma kahin ya gama hawa lokacin sauka ya yi, ka ƙaddara minti 35 zuwa 40.

Tsohon direba:
Malam ya faɗi gaskiya amma ɗana kar ka duba minti 40 kaɗai. Sai kun je hili da wuri an auna kaya an duba takardu kun zauna jira, ga shi ba kullum ake samun jirgi tsakanin garuruwan nan ba, yawanci daga Yamai yake tasowa ya biyo, kuma in lokacin hazo ne ana iya ɗage tahiyar gaba ɗaya don matuƙi bai ganin ƙasa. Da Yamai za ta ne sai in ce jirgi ko nawa ne, kilomita 660 a mota ba wasa ba ne ga dattijuwa. Damagaram kuwa awa 3 zuwa 4 kun isa.

Maman Nana:
Baba direba awa 4 ɗin nan ga mai ciwon baya ba kaɗan ba ne wallahi, wanda ya yi jinya ya sani. Ƙanena ka je hilin da kanka ka tambayi ranar da jirgi ke zuwa da kuɗin biye, wato tikiti, tun da saura, in babu ka ɗau ƙaramar mota shata, a kwantar mata da kujerar gaba, ku tsaya Tasawa ta miƙe ƙafa ta yi salla. Allah ƙara ma Hajiya lahiya.

Ɗan Zariya 2:
Amin yaya, na gode maku duka. Gobe da sahe zan leƙa hilin in sha Allah.