Ranar da ka saka faci a na'urar da jama'a ke dogaro da ita, me ya faru?

Baban Ummi, Zariya

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta, kwamfutoci sittin da 'yan kai. Duk intanet ɗinsu ta cikin wata tsohuwar na'ura take bi, wadda na ɗora wa babbar manhajar OpenBSD tana aikin katangar tsaro. Jiya na buga umarnin syspatch -c don in ga abin da ya taru, sai ga faci, wato ƙananan gyare-gyaren manhaja, har goma sha ɗaya suna jirana. Da na duba shafin gyare-gyarensu na ga wasu an rubuta facin tsaro ne, wasu kuma facin ƙarko, wato na hana na'ura daskarewa ko faɗuwa.

Gaskiya tsoro nake ji. Jarrabawa saura mako uku, kuma na'urar nan ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Shin zan iya ɗaukar na tsaron kawai in bar na ƙarkon? Kuma don Allah duk wanda ya taɓa saka faci a na'urar da ake tsaka da aiki da ita, ko wace babbar manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, ya ba mu labarin yadda ta kaya, daɗi da rashinsa.

Injiniya, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Amsar farko a taƙaice: ba za ka iya ba. Facin syspatch a jere suke, ɗaya a kan ɗaya, ba a tsallake na uku a ɗauki na huɗu. Amma kafin ya maye kowane fayil sai ya adana tsohon a /var/syspatch, saboda haka in wani abu ya ƙi, syspatch -r zai cire na ƙarshe da ka saka.

Ku yaran yanzu kun samu duniya a dafe. Sai a sigar OpenBSD 6.1, cikin Afrilun 2017, syspatch ya zo. Kafin nan faci guntun rubutu ne kawai, kai za ka sauke tushen manhajar, ka liƙa shi, ka gina da kanka. Ba na mantawa da Afrilun 2014 lokacin Heartbleed, ɓarakar nan ta OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai, da ke ba baƙo damar karanto har kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwar saba, wato kwamfutar da ke yi wa saura hidima, a duk tambaya ɗaya, ba tare da ya bar sawu ba. Ina da saba ɗaya tal, tsohuwar Pentium 4. Bayan isha'i na fara, janareta na ta ruri a bayan ofis, maigadi na leƙowa yana tambaya ko in ƙara mai. Wajen sha biyun dare aka gama, na tafi gida ina jin kaina jarumi. Washegari wani abokina ya ce, ka sake tayar da sabar yanar gizon? Ka canja makullan sirrin? Ko ɗaya ban yi ba. Facin yana kan faifai, amma shirin da ke gudana tsohon ne ke cikinsa, ƙofa a buɗe ta kwana.

Batun facin ƙarko kuwa, zan dawo kansa in na idar da sallah, don akwai labari.

Maman Hanifa, Kaduna

Baba Injiniya ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni Ubuntu nake riƙe da ita, sabar da ke ajiye bayanan haja da ciniki na wani shagon magani mai rassa uku. Tun ranar da na kafa ta na kunna unattended-upgrades, facin tsaro na sauka da kansu cikin dare, ni kuma ina barcina. Har alfahari nake a cikin abokan aiki cewa sabata ta haura kwana 400 ba a kashe ta ba, ga sola ga batir.

Wata rana wata ƙanwata da ke koyon aiki a wurina ta ce, Anti, me ya sa duk lokacin da na shiga nake ganin saƙon cewa ana buƙatar sake kunnawa? Na ce ta rabu da shi. Sai ta buga uname -r ta nuna mini. Kanel ɗin da ke gudana, wato zuciyar babbar manhajar, na fiye da shekara guda ne, sababbi sun sauka sun zauna a /boot kamar kayan lefen da ba a buɗe ba. Fayil ɗin /var/run/reboot-required yana nan tun tuni. Kunya ta kama ni, amma duk da haka ban sake kunnawa ba, na ce sai ƙarshen wata.

Ƙarshen watan bai zo ba. Ranar wata Litinin da hantsi inbata ta ƙone, saba ta mutu. Aka jona ta da janareta, ta tashi lafiya lau da sabon kanel, amma rassa uku duk suka bugo waya, ba sa iya fitar da rasit. Na fi minti arba'in ina zargin kanel, ina neman yadda zan koma tsoho, layi kuma ya kai bakin titi, manaja na tsaye a kaina yana juya makullin mota a yatsa. Ashe rumbun bayanan ne bai tashi ba. Ranar da na kafa shi da hannu na tayar da shi, ban taɓa buga systemctl enable ba, kuma tun da ba a taɓa kashe na'urar ba, babu wanda ya sani. Umarni ɗaya ya gyara komai. Faci ba shi da laifi ko kaɗan, aikina ne da na bari rabi.

Yanzu duk Lahadin farkon wata bayan la'asar nake sake kunna ta, ko akwai faci ko babu, ina zaune a gabanta.

Ɗan Maraɗi

Mu nan matsalarmu kuran ne, wato wutar lantarki, da kuɗin intanet. A lakwal ɗin da nake aiki, wato makaranta, babbar manhajar Debian ce a kan inji ashirin. Sau biyu ana ɗauke kuran ina tsakiyar sabunta manhaja da apt upgrade. Karo na farko na ɗauka komai ya lalace har na fara neman filashi in sake ɗorawa, sai aka nuna mini dpkg --configure -a, sannan apt -f install, ya ƙarasa abin da ya tsaya. Tun daga nan ba na farawa sai na ga batir ya cika.

Na kuɗi kuma, apt-cacher-ng na sa a inji ɗaya. Shi kaɗai ke saukewa daga waje, sha taran su ɗiba a wurinsa. Da can faci ɗaya sau ashirin muke biya.

Auta

Nawa ƙarami ne amma ya ci mini yini guda. Tsohuwar kwamfuta, batirin agogonta ya mutu, ɗan ƙaramin nan mai kama da kwabo, CR2032. Duk ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. apt ya ce fayil ɗin sanarwa lokacinsa bai yi ba tukuna, ya ƙi sauke komai. Ni kuma ina ta canja madubin saukewa ina tsine wa network. Malam Baban Ummi, tunda ka ce taka tsohuwa ce, buga date kafin komai.

Injiniya, Kano

To na dawo. Malam, ga abin da ya sa ba na raina facin ƙarko. A farkon 2007 masu bincike na Core Security suka kai wa OpenBSD rahoton wata matsala a yadda kanel ke sarrafa saƙonnin IPv6. Da fari an ɗauka iyakarta ta kayar da na'ura, aka fitar da gyaran a matsayin facin ƙarko. Masu binciken suka koma suka zauna, suka nuna cewa ana iya bi ta nan a gudanar da umarni a cikin kanel daga wata na'urar. A Maris na shekarar aka sauya masa suna ya koma facin tsaro, kuma ita ce ta sa taken da ke shafinsu, mai ƙirga ɓarakar kutse daga nesa da aka taɓa samu a manhajar yadda take zuwa, ya tashi daga ɗaya ya koma biyu. Wanda ya ce shi na tsaro kawai yake sakawa, a kwanakin nan a buɗe ya zauna bai sani ba.

Sunan da aka sa wa faci iyakar abin da aka gano ne a ranar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi ƙadangare ba ruwansa da sunan da ka sa wa tsagar. Ko mu ajiye wannan gefe: katangarka ta daskare ana tsakiyar jarrabawa, yara sittin na kallon allo, shugaban makaranta zai tsaya tambayarka ko tsaro ne ko ƙarko?

Mai Kali

Ranka ya daɗe Injiniya, ban ƙi taka ba, amma a bar ni in kawo ɗaya ɓangaren. Ba kullum sabo ne lafiya ba. Ƙarshen Maris 2024 ni ina cikin masu sabunta kwamfutar cinya kusan kullum, Kali, wani nau'in Linux, nake amfani da ita. Ranar 29 ga wata Andres Freund ya fallasa cewa an dasa ƙofar baya a xz, manhajar matse fayil, siga 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya ja hankalinsa ma shiga ta ssh, hanyar shiga na'ura daga nesa, ita ce ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Na duba tawa, 5.6.0 ce zaune. Abokina da nake yi wa dariya don yana kan Debian tsayayya da tsofaffin kayanta, shi ko a jikinsa, abin bai taɓa isa gare shi ba. Allah ya taimake ni ban buɗe ssh a na'urar ba, amma dai sai da na goge na sake ɗorawa don hankalina ya kwanta.

Maman Hanifa, Kaduna

Ƙanena ai abu biyu ka haɗa. Bin sabuwar siga daban, saka faci daban. Abokin naka shi ma facin tsaro yake karɓa, sai dai ana ɗauko gyaran ne kawai a liƙa wa tsohuwar sigar da aka riga aka gwada. Irin sa Malam yake tambaya a kai. Kali kuma ba a yi ta don saba ba, kai ma ka sani.

Mai Kali

Na karɓa Anti. Kawai dai kada a tsorata mai jinkirin kwana biyu.

Bakatsine

Kwana biyun ma wani lokaci ya yi yawa. Ƙarshen Janairun 2020 ina Funtuwa wajen ɗaurin auren ƙanin matata, muna zaune a tabarma ana jiran liman, sai saƙo ya shigo wayata: masu binciken tsaro na Qualys sun gano ɓaraka a OpenSMTPD, shirin wasiƙun OpenBSD, ta wurin adireshin mai aiko wasiƙa mutum zai iya cusa umarni ya gudana da cikakken iko. A yadda OpenBSD ke zuwa, shirin wasiƙun ba ya sauraron waje, amma ni na buɗe nawa ga duniya don shi ke karɓar wasiƙun ofis, 6.6 ce a kai. Na zame na koma bayan wata mota, babbar riga a kafaɗa, na shiga ta ssh a waya da sabis sanda ɗaya. syspatch, sannan rcctl restart smtpd. Ban kai minti biyar ba, sai dai na rasa fatiha, surukina har yau yana tuna mini. Cikin makon da na duba rajistar saba na ga baƙin adireshi suna gwada ainihin dabarar.

Ɗaya kuma, wanda ya fi ba ni haushi da kaina. Akwai wata na'ura da na bari a 7.3. Watanni ina buga syspatch yana dawowa shiru, ina murna babu matsala. Ashe siga biyu na ƙarshe kawai suke yi wa faci, kuma duk wata shida sabuwa ke fita. Tun da 7.5 ta fito a Afrilun 2024 aka daina waiwayar tawa. Shirun ba na lafiya ba ne, na an wuce ni ne. Da sysupgrade na hau 7.4, sannan 7.5. Malam, duba uname -r naka. Kuma syspatch ba ya taɓa kunshin da ka ƙara da kanka, wannan aikin pkg_add -u ne.

Baban Ummi, Zariya

Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Ga rahoto.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, makaranta ba kowa, na je da ɗana babba ya riƙe mini fitila don ɗakin sabar ba taga. Na duba date kamar yadda Auta ya ce, daidai yake. Sigata tana cikin biyun da ake kula da su. Na kwafe /etc gaba ɗaya a filashi. Na tayar da janareta duk da akwai wuta, saboda labarin Ɗan Maraɗi. Sannan na buga syspatch. Goma sha ɗayan suka shiga ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya tsaya yana sake haɗa kanel, nan ne ya ɗan jima har gumi ya fara keto mini, sai ya ce in sake kunnawa.

Ta tashi. Intanet ya dawo a ɗakin kwamfuta. Amma ofishin mai kula da kuɗi babu, sai na tuna Hajiya Maman Hanifa na yi dariya ni kaɗai. Watannin baya na ƙara musu ƙa'ida a katangar, na gwada ta daga wani fayil a gefe da pfctl -f, ta yi aiki, na manta ban mayar da ita cikin /etc/pf.conf ba. Na rubuta ta, na gwada da pfctl -nf, na loda, na sake kunnawa karo na biyu don in tabbata. Kafin la'asar muna gida.

Bakatsine, tambaya ɗaya ta rage. Sabuwar siga za ta fito kafin hutun ƙarshen zango, kuma faifan na'urar nan ƙarami ne, /usr ya kusa cika. Da ka yi sysupgrade ɗin nan, fili nawa ya ci maka?