Na fara aiki a tsohon tsarin fansho, zan yi ritaya a sabo: ina makomar shekaruna na farko?

Magatakarda:
Assalamu alaikum. Na kama aiki da gwamnatin tarayya a 1996, kuma saura mini shekara uku in ajiye aiki. Mahaifina ya yi ritaya a tsohon tsari, inda aka ba shi garatuti a dunƙule, sannan ya riƙa karɓar fansho duk wata har Allah Ya yi masa rasuwa, gwargwadon albashinsa na ƙarshe da shekarun da ya yi yana aiki. Ni kuwa abin da nake gani shi ne saƙon kamfanin fansho a waya, kuma duk lokacin da na raba kuɗin da shekarun da nake fatan Allah Ya ara mini, sai gabana ya faɗi. Ina roƙon masana su bayyana mini makomar shekaru takwas da na yi kafin 2004, da kuma abin da wannan sauyi ya canza a haƙiƙa.

Tsohuwar Akanta:
Wa alaikumus salam, Malam. Shekarunka ba su bi ruwa ba. Dokar 2004, wadda ta kawo sabon tsarin kuma ta kafa hukumar PenCom mai kula da harkar fansho, ta keɓe waɗanda ya rage musu shekara uku ko ƙasa da haka su ci gaba da tsohon tsari, sauran kuwa aka lissafa haƙƙinsu na baya a matsayin bashi a kan gwamnati, wanda za a zuba a asusunka idan ka yi ritaya. Saboda haka adadin da kake gani a waya bai haɗa da shi ba. Ka adana takardar ɗaukar aiki ta farko da takardun ƙarin girma, musamman wadda ke nuna matakinka a watan Yunin 2004, domin za a nema a wajen tantancewa.

Abin da ya canza kuwa shi ne wanda ke ɗauke da kasadar. A da gwamnati ce ta yi alkawarin abin da za ka karɓa, ko da kuɗi a baitulmali ko babu. Yanzu abin da aka ƙayyade shi ne abin da za a zuba: da farko kashi 7.5 cikin ɗari na albashi daga kowane ɓangare, sannan dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga wurin aikinsa. Abin da ya taru da ribarsa shi ne rabonka.

Baba Mai Ritaya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ɗana, ka yi tanadin abin da za ka ci a watannin farko. Ni sai da na yi wata goma sha huɗu ban ga ko kwabo ba, saboda ba a taɓa mini abin da ke asusuna sai da kuɗin shekarun baya suka iso, har na sayar da filin da na saya wa yara. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fanshon da aka yanka mini kusan yana nan yadda yake, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma kuɗin da a da ke sayen buhun shinkafa yanzu 'yan kwanuka yake awowa. An cire sojoji daga sabon tsarin tun 2011, 'yan sanda ma sun daɗe suna neman fita, kuma ban ga laifinsu ba.

Ɗan Haɗeja:
Allah Ya ƙara lafiya, Baba. Sai dai kada zafin yau ya mantar da mu tsofaffin da suka riƙa kwana a kan kwali a Abuja suna jiran tantancewa, domin alkawarin da ba a ware wa kuɗi ba ne ya haifar da wancan hali. A ganina ware kuɗin tun ana aiki, da raba kamfanin da ke juya su da wanda ke ajiye su, gyara ne na gaske. Inda aka gaza shi ne mafi ƙarancin fanshon da doka ta tanada, wanda aka ɗauki shekaru ba a aiwatar ba. A nan Jigawa ana karo-karo, amma ana biya bisa albashi da shekarun aiki, wato an haɗa tsarin biyu.

Malam Magatakarda, ka natsu wajen zaɓi. Idan ka bar kuɗinka a kamfanin fansho ana ba ka kaɗan-kaɗan, abin da ya rage na magadanka ne. Idan ka kai su kamfanin inshora, za a biya ka muddin kana raye, amma magada ba su da rabo bayan shekara goman farko, kuma wanda ya shiga ba ya dawowa.

Magatakarda:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Takardar ƙarin girman nan ta 2004 ba ta cikin fayil ɗina na gida, don haka gobe da safe zan nufi sashen rajista in nemi kwafinta.