Ƙotar katako tsakanin damina da hunturu: me kuka gani a tsofaffin bindigoginku na farauta?

Maharbin Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu riƙe da tsofaffin bindigogin farauta masu ƙotar katako, irin su Mauser 98, Winchester Model 70 ƙirar kafin 1964 da Brno ZKK 602, sun san abin da hunturu ke zuwa da shi kusan kowace shekara. Sukurori su yi sako-sako, harsashi ya daina faɗawa inda aka saita shi a ƙarshen damina, wani lokacin ma a ga siririyar tsaga a wuyan ƙota, daidai bayan ƙarfe. A nan arewacin Kamaru abin ya fi damunmu, domin farauta a yankunan da ke kewaye da gandun dajin Benuwe, Faro da Buba Njida cikin rani ake yin ta, lokacin da katako ya kai matuƙa wajen bushewa. Don Allah kowa ya kawo abin da ya gani da yadda yake magance shi.

Kafintan Ƙota:
Wa alaikumus salam. Tushen duka ukun ɗaya ne: katako ba ya daina shan danshi da amayar da shi, ko ya shekara ɗari. A watan Agusta, da damshin iska ya kai wajen kashi 80 cikin 100, ruwan da ke cikin katako yakan doshi kashi 16. Da hunturu ya kankama damshin ya sauka zuwa kashi 20 ko ƙasa, ruwan katakon ya koma wajen kashi 4 zuwa 5. Galibin waɗannan ƙotoci na wani icce ne da ake kira walnot, shi kuwa walnot a faɗi da kauri yake motsi, a tsawo kusan ba ya motsi. Wurin da kaurinsa ya kai milimita 40 zai iya raguwa da kusan milimita 1 idan bai samu kariya ba. Ƙarfe kuma yana nan yadda yake. Abin da ke faruwa da ƙotar fartanya ke nan idan ta yi rani a rataye, sai dai ita bindiga ba a jiƙa ta. Duk wanda ya ce a naɗe ƙota da jiƙaƙƙen tsumma don ta kumbura, tsatsa yake gayyato wa ƙarfen da ke ɓoye a ciki.

Dattijo Mai Mauser:
Kafin a taɓa komai, a zare sakata a leƙa ciki a tabbatar babu harsashi. Daga nan sukurori ne farko, don su ne masu sauƙi kuma su aka fi mantawa. Mauser 98 biyu gare ta, na gaba da na baya. A fara da na gaba, wanda ke shiga haƙorin ƙarfen da ke ƙarƙashin jikin bindigar, mai tare dukan baya. A tsayar da bindigar a kan gindinta tukuna, a ɗan bubbuga ta a kan tabarma don haƙorin ya zauna a mazauninsa, sannan a ɗaure. Mai ma'aunin ɗauri ya tsaya a wajen Nm (awon ƙarfin ɗauri) 3.5 zuwa 4. Wanda ba shi da shi ya ɗaure da yatsu uku a kan sukurudireba, ba da ƙarfin kafaɗa ba. Bakin sukurudireban kuma ya cika ramin kan sukurun daidai. Na kanti mai tsinin baki shi ke ɓata kawunan tsofaffin sukurori, ga shi samun na asali yana da wuya.

Model 70 sukurori uku gare ta a jiki. Na tsakiya a kama shi kawai ya zauna, idan aka matse shi yana lanƙwasa jikin ƙarfen har sakata ta fara cijewa. Tsofaffin ƙirar da yawa suna da wani sukurun kuma a gaban ƙota da ke kama bututu, shi ma ɗaurinsa yana canza inda harsashi ke faɗawa.

Abin lura: ɗaurin da aka yi a Janairu a sassauta shi kaɗan idan damina ta sauka. In ba haka ba katako ya kumbura a ƙarƙashin ƙarfen da ba ya ba shi wuri, jijiyarsa ta murƙushe, hunturu mai zuwa sako-sakon ya fi na bana.

Kafintan Ƙota:
Gaskiya ne Baba. Ita kuma tsagar wuya daga nan take farawa. Dukan baya na bindiga haƙorin gaba ne ya kamata ya ɗauke shi, ya miƙa wa katakon da ke bayansa. Idan sukuru ya yi sako-sako aka ci gaba da harbi, ƙarfen duka yana ja da baya kaɗan-kaɗan, har wutsiyar ƙarfen da ke saman wuya ta dafa katako. Daga ranar ita ke ɗaukar duka, siffarta kuma mai tsaga ce. A masu ƙarfi kamar masu cin harsashin .375 H&H ko 9.3x62 harbi kaɗan ya isa. Gwajin shi ne a zura takarda a bayan wutsiyar: ya kamata a samu rata wajen rabin milimita. In takarda ba ta shiga ba, kada a sake harbi.

Gyaran tsagar ga yadda yake. A raba ƙarfe da katako. A wanke tsagar da asiton, wato sinadari mai narkar da mai, a ɗiga a bari ya bushe, a maimaita har ya daina fitowa da launin mai, domin gam ba ya kama katakon da ya sha mai. A samu gam mai haɗi biyu, irin Araldite mai jinkirin bushewa, ba na minti biyar ba. Na minti biyar yana daskarewa kafin ya kai ƙasan tsagar. A ɗan ɗumama katakon a rana, a buɗa tsagar a hankali da hannu, a riƙa buɗewa ana sakewa don gam ya shige can ciki. Maɗauri mafi kyau shi ne tsohon tub na keke, a yanka shi tsiri-tsiri a naɗe wuyan da shi, yana matsewa ta kowane ɓangare ba tare da ya bar sawu ba. A shafa kakin zuma a gefen tsagar tun farko don gam ɗin da ya tsatso ya ɓanɓaru. Awa 24 kafin a kwance, kwana biyu ko uku kafin a mayar da ƙarfe.

Idan tsagar ta yi nisa, a huda daga ciki inda ƙarfe zai rufe, a dasa sandar tagulla mai zare, milimita 3, ta ratsa tsagar, da gam. Kuma kada a tsaya a nan. In ba a cike mazaunin haƙorin da ya lotsa ba, aka kuma sassaƙe bayan wutsiyar ta samu ratarta, tsagar za ta dawo a gefen wadda aka liƙe.

Ɗan Damagaram:
Ni inda na fi ganin ɓarna shi ne mai. Mutane na ganin ƙota ta yi fari-fari da hunturu sai su shafa mata man inji, man gyaɗa ko man kaɗe. Duka ukun ba sa bushewa. Suna shiga jijiyar katako su laushe ta, wuyan ya yi baƙi, har farce ya iya lotsa shi. Man da ake zubawa a bututu ma haka yake yi idan aka jingine bindiga baki sama, yana gangarowa ta jikin ƙarfe ya taru a wuya. Shi ya sa bayan an shafa mai gara a ajiye ta baki ƙasa.

Wadda ta riga ta sha, a daka alli ya yi laushi, a kwaɓa da asiton, a shafa a wurin da kauri, a ajiye inda akwai ɗumi. Allin zai koma ruwan ƙasa, a goge da buroshi a sake sabo. Aikin makonni ne. A yi shi a fili, nesa da wuta.

Man da ya dace shi ne dafaffen man linsid, wato man shafa wa katako mai bushewa. Ɗigo biyar ko shida sun ishi gefe guda. A murza da tafin hannu har wurin ya yi ɗumi, bayan minti 20 a goge duk abin da bai shiga ba, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya lafta shi zai tarar da danƙo mai kama ƙura. Tsumman da aka goge da shi kada a dunƙule a jefa a lungu, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a jefa cikin ruwa. Sai dai a sani linsid kyau yake ƙarawa, ba ya tare danshi sosai. Inda danshi ke shiga da gaske shi ne wuraren da ba a gani: kwarin da bututu ke kwanciya, mazaunin ƙarfe, da ƙarƙashin farantin gindi inda jijiyar katako take a buɗe. Masana'antu da yawa sun bar waɗannan wuraren tsirara. Shafi biyu na banish da aka tsinka da tina yana rage motsin ƙwarai.

Mai Tara Tsofaffi:
Malam, a nan zan ɗan ja da ku. Duk abin da kuka faɗa daidai ne ga bindigar aiki, amma ba kowace ake yi wa haka ba. Mauser ta farauta ƙirar masana'antar Oberndorf ta Jamus, ko Mannlicher-Schönauer ta 1903 mai ƙota har bakin bututu, darajarta tana cikin kasancewarta yadda ta fito. Da yawa an buga lambar bindigar a cikin kwarin bututu, wasu ma da fensir aka rubuta, kuma ita ce shaidar cewa ƙotar tata ce. Banish ko gam a kai, shaidar ta tafi. Samfefa kuwa ita ce babbar asara: tana cinye hatimai, ta daƙushe zanen riƙo, ta sa katako ya koma ƙasa da ƙarfe a gefuna, wanda duk mai ido zai gane daga nesa. Lotsawa ba ta buƙatar samfefa. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kan wurin kaɗai, a dafa da tsinin dutsen guga na daƙiƙa kaɗan, tururi zai ɗago ta muddin jijiyar ba ta yanke ba. Irin waɗannan, kakin zuma a ciki da waje ya wadatar, don ana iya cire shi gobe.

Kafintan Ƙota:
Na yarda da Alhaji a kan samfefa da lamba. Amma tsagar wuya ko a wace bindiga ce a liƙe ta, in dai za a harba. Wuyan da ya karye lokacin harbi fuskar mai harbin yake nufa. Wanda ba ya son gam a tasa, sai ya rataye ta ya daina fita da ita.

Malamin Daji:
Tunatarwa ga 'yan'uwa na Najeriya, tunda ana yawan tambaya a kan Lee-Enfield da aka gada, tsohuwar bindigar sojan Birtaniya mai .303. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu .303, .300, milimita 7.62 da milimita 9 cikin rukunin da aka haramta, lasisin bindigar farauta bai shafe su ba. Sauran na farauta ma sai da lasisi daga 'yan sanda. A fara da takarda kafin man linsid.

Ga waɗanda ke ƙasashen da aka yarda su riƙe ta, Lee-Enfield ƙirar SMLE No. 1 Mk III tana da tarko. Ƙotarta kashi biyu ce, kuma ƙarshen dogon sukurun da ke riƙe gindi mai kusurwa huɗu ne, yana zaune cikin wani ƙaramin farantin ƙarfe a bayan katakon gaba. Gindi ya yi sako-sako da hunturu, mutum ya zura dogon sukurudireba ya murɗa, katakon gaba ya tsage. Sai an fara cire na gaba kafin a taɓa wannan sukurun, wajen mayarwa kuma gindi ne farko, a daidaita kusurwar ta dace da farantin.

Dattijo Mai Mauser:
Saura batun saiti. Gaban ƙota siriri ne, da ya bushe sai ya karkata ya dafa bututu ta gefe guda. Abu kaɗan ne ke jawo kuskure babba: bututu mai tsawon santimita 60, in bakinsa ya kauce da milimita 0.2 kawai, a mita 100 ya zama santimita 3 ko fiye. A zagaya takardar kuɗi a ƙarƙashin bututu a ja ta daga gaba zuwa baya, inda ta cije a sa alama. Amma kada a yi saurin kankarewa. Tsofaffi da yawa da gangan aka bar musu ɗan tudu a ƙarshen gaban ƙota yana tura bututu sama, kuma da shi suka fi harbi daidai. Matsin ƙasa na tsakiya a bar shi. Na gefe guda shi ne cuta, shi ake ragewa, da samfefa a naɗe a jikin sanda, kaɗan-kaɗan, a rufe wurin da kaki ko banish nan take.

Bayan duk wani ɗauri ko gyara, harbi uku a mita 100 a kan buhun yashi, ana barin bututu ya huce tsakani. Buhun ya kasance ƙarƙashin katako, ba ƙarƙashin bututu ba. In ukun sun taru wuri ɗaya amma sun kauce, gyaran saiti ne kawai. In sun warwatsu sama da ƙasa, a koma kan sukurori da mazaunin haƙori.

Ɗan Damagaram:
Wajen ajiya, a nemi damshin kashi 45 zuwa 55, ƙaramin ma'auni na batir ya isa a riƙa dubawa. Buhunan nan masu tsotse danshi na damina ne, a fitar da su daga akwati da hunturu ya shigo, in ba haka ba suna ƙara wa katako ƙishi. Kada ta kwana a jakar fata ko ta soso, kada a jingine ta a bangon ƙasa saboda gara, kada kuma a bar ta a bayan mota da rana. Wadda aka kawo daga wuri mai damshi, kamar Duwala, a ba ta mako biyu zuwa uku a cikin ɗaki kafin a ɗaure sukurori a je gwajin saiti.